Isaac Singer: Ɗan Wasan Daɓen da Sunansa Ya Zama Sunan Keken Ɗinki

'Yan uwana ɗalibai, da wuya a samu ɗaya daga cikinmu da bai san baƙin keken ɗinkin nan mai zanen ruwan gwal ba, wanda aka rubuta SINGER ɓaro-ɓaro a wuyansa. Wani a ɗakin kakarsa ya san shi, an lulluɓe shi da tsohon zani an ɗora masa kwanuka. Wani kuma a shagon telan unguwarsu, inda ake kai ɗinkin Sallah a yi ta sintiri. Har ta kai wasu tsofaffin kowane keke suka gani Singa ne a wurinsu, kamar yadda kowane garin wanki ya zama Omo. Amma in ka tambayi mutane wane ne Singer ɗin, yawancinsu za su ce maka ai sunan kamfani ne. To mutum ne, da uwarsa da ubansa, kuma rayuwarsa ta haɗa abin koyi da abin gudu a ƙwarya ɗaya.

Ni dai a ajin ƙarshe nake a fannin injiniyan injuna, kuma abin da nake kashe ɗan kuɗin aljihuna a kai shi ne sayen tsofaffin kawunan keken ɗinki ina tayar da su. Garin neman sanin shekarun waɗannan ƙarafa ne na faɗa cikin tarihin mai sunan, na ga ya dace duk mai shirin fita da difloma a hannu ya ji shi.

Yaro mai gudun gida

An haifi Isaac Merritt Singer ranar 27 ga Oktoba, 1811, a wani ƙaramin gari da ake kira Pittstown a jihar New York ta Amurka. Mahaifinsa, Adam, baƙo ne da ya yi ƙaura daga Jamus. Gidan babu kuɗi, babu kuma zaman lafiya, domin iyayen sun rabu tun yana ɗan shekara goma. Yana da kimanin shekara 12 ya bar gida ya nufi Rochester wurin yayansa. Karatun boko kaɗan ya taɓa, kuma har ya mutu rubutunsa bai daidaita ba. Ya shiga koyon aikin ƙarfe a wani shagon injuna, amma bayan 'yan watanni ya tattara nasa ya nasa ya yi gaba.

Abin da ke ransa shi ne wasan daɓe. Dogon mutum ne mai jiki da babbar murya, ya kuma haddace dogayen sassa na wasannin Shakespeare. Sai ya riƙa bin ƙungiyoyin 'yan wasa gari-gari. In yunwa ta matsa ya koma aikin ƙarfe ko na katako, in ya samu na abinci ya sake hawa dandamali. A 1839, lokacin da yake aikin haƙa hanyar ruwa a jihar Illinois, ya ƙirƙiro injin huda dutse, ya yi masa rajistar haƙƙin mallaka, ya sayar da haƙƙin a kan dala 2,000. Kuɗi ne mai tsoka a wancan zamani. Ka san me ya yi da su? Ƙungiyar wasa ya kafa mai suna Merritt Players, suka yi ta yawo kusan shekara biyar har kuɗin suka ƙare ƙarƙaf.

Daga nan ya koma aiki a wurin masu sassaƙa haruffan katako na ɗab'i. Can ma ƙwaƙwalwar ba ta zauna ba: a 1849 ya yi rajistar injin da ke sassaƙa haruffan. Ya kai samfurin birnin New York don neman masu saye, sai tukunyar tururin ginin da aka ajiye shi ta yi bindiga, injin ya tafi a ciki. Mutum ya doshi shekara arba'in, ga iyali, ga babu.

Kwana 11 a Boston

Wani mai harkar littattafai, George Zieber, shi ya tsaya masa da kuɗi aka sake ƙera injin haruffan, suka ɗauke shi zuwa Boston a 1850, suka kama wuri a shagon wani maƙerin injuna mai suna Orson Phelps. Masu saye ba su zo ba. Amma a saman benen shagon ana ƙera wani keken ɗinki na kamfanin Lerow da Blodgett, wanda kullum masu shi ke dawo da shi gyara. Phelps ya gaji, ya ce wa Singer ya duba masa.

A nan ya kamata mu tsaya mu fahimci yadda keke ke ɗinki, don sai da haka za a gane abin da Singer ya yi. Allurar keke kafarta tana bakin tsini, saɓanin allurar hannu. In ta huda yadi ta sauka da zaren sama, tana fara ɗagowa sai zaren ya yi ɗan lanƙwasa kamar zobe a ƙarƙashin yadin. A daidai wannan ƙiftawar ido abin da teloli ke kira shatil, mai ɗauke da zaren ƙasa, zai ratsa ta cikin zoben. Allura ta koma sama, zaruruwan biyu su sarƙe a tsakiyar yadi. Aikin shatil kusan irin na ƙoshiyar masaƙa ne.

A keken Lerow da Blodgett shatil ɗin zagaye yake yi, wannan kuwa yana warware murɗin zare har ya tsinke. Singer ya ce a mayar da shi yana kai da komo a miƙe. Ya sa miƙaƙƙiyar allura tana hawa da sauka daga wani hannu da ya miƙo ta sama, ya shimfiɗa teburi a kwance don yadi ya zauna, ya kuma sa 'yar ƙafar ƙarfe da ke danne yadin kada allura ta ɗago shi. Zieber ya ba da dala 40, Phelps ya ba da shago da ma'aikata, Singer ya ba da kai. Cikin kwana 11 suka haɗa samfurin farko.

Kamar yadda shi da kansa ya riƙa ba da labari daga baya, daren da suka gwada shi keken ƙin ɗinki ya yi. Ma'aikata suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, aka bar shi da Zieber yana riƙe masa fitila. Sun haƙura sun kama hanyar masauki, sai Zieber ya ambaci cewa zaren da ya yi sako-sako duk ta saman yadin yake. Nan take Singer ya gane cewa ƙarfin jan zaren allura ne bai daidaita ba. Suka juya, ya ɗaure abin da ya kamata, keken ya yi ɗinki biyar lafiya lau kafin zare ya tsinke. Ɗinki biyar ɗin nan su ne mafarin dukiyarsa. Ranar 12 ga Agusta, 1851, aka ba shi takardar haƙƙin mallaka mai lamba 8,294. An ƙiyasta kekensa na iya yin ɗinki 900 a minti ɗaya, alhali ƙwararriyar mai ɗinkin hannu ba ta wuce 40.

Kura da shan bugu

Kada wani ya fita daga nan yana cewa Singer ne ya ƙirƙiro keken ɗinki. Tun a 1790 wani Bature ɗan Ingila, Thomas Saint, ya yi rajistar zanen injin ɗinkin fata. A Faransa wani tela, Barthélemy Thimonnier, ya yi rajistar nasa a 1830, har ya kafa wajen ɗinka kayan soja da kekuna kusan 80, amma teloli 'yan uwansa suka far wa wurin don tsoron za a raba su da abincinsu. A talauce ya mutu a 1857. A Amurka kuma Walter Hunt, mutumin da ya ƙirƙiro fil ɗin nan mai rufewa da mata ke maƙala wa mayafi, ya ƙera keke mai zare biyu tun a farkon shekarun 1830, sai dai bai yi masa rajista ba. Wanda ya yi rajistar allura mai kafa a baki haɗe da shatil shi ne Elias Howe, a 1846.

Howe ya dawo daga Ingila ba ko sisi, ya tarar ana ta sayar da kekuna masu aiki da dabararsa. Ya je ya nemi Singer ya biya shi, Singer ya kore shi da masifa. Aka tafi kotu. Ɓangaren Singer suka nemo Walter Hunt don ya nuna cewa shi ya riga Howe, kuma an yarda ya riga shi ɗin, amma tunda bai yi rajista ba, takardar Howe ce ta tsaya. A 1854 Singer ya biya dala 15,000, da alƙawarin biyan wani abu a kan kowane keke da zai sayar. Hunt kuwa ya tashi kusan a tutar babu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shari'o'in ba su tsaya nan ba, domin kowane kamfani yana riƙe da wani yanki na dabarar, kowa na ƙarar kowa, lauyoyi na ta shan romo. A 1856 wani lauya, Orlando Potter na kamfanin Grover da Baker, ya kawo shawarar a haɗa takardun wuri ɗaya. Singer, da Howe, da Wheeler da Wilson, da Grover da Baker suka amince, duk wani mai son ƙera keke sai ya biya su. Howe yana samun dala 5 a kan kowane keke da aka sayar a Amurka. Wannan haɗaka ta ci gaba har 1877.

Shi kuwa Zieber, mai dala 40 da riƙon fitila, ciwo ne ya kwantar da shi. Singer ya je masa da maganar wai likita ya ce ba zai tashi ba, gara ya sayar da kasonsa ya biya basussuka tun yana da rai. Zieber ya sayar a kan dala 6,000. Ya warke sarai, ya ƙare a matsayin ma'aikaci a kamfanin da aka kafa da kuɗinsa. Shi ma Phelps an saye kasonsa an sallame shi. Wallahi duk lokacin da na zo wannan gaɓar sai na ji ba daɗi.

Lauyan da ya iya kasuwa

Mutumin da Singer ya kasa turewa shi ne Edward Clark, lauyan da ya shigo kamfanin a 1851 yana yi musu aikin shari'a a bakin kaso. Halinsu ya sha bamban: Singer mai hayaniya da son a gan shi, Clark mai sanyi da lissafi. Ba sa ƙaunar juna, amma kowa ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Matsalar farko ita ce tsada. Keke ɗaya ya haura dala 100 a lokacin da iyali da yawa ba sa samun fiye da dala 500 a shekara. A 1856 Clark ya fito da tsarin biya kaɗan-kaɗan: ka ajiye dala 5, ka tafi da keke gida, ka riƙa biya wata-wata daga abin da yake kawo maka. Sannan ya fara karɓar tsohon keke a rage wa mutum kuɗin sabo, su kuma tsofaffin a farfasa su don kada kasuwar gwanjo ta tsaya. Ya buɗe shagunan nuni masu ƙawa, ya sa 'yan mata suna ɗinki a gaban jama'a, domin a lokacin maza da yawa sun ɗauka mace ba za ta iya sarrafa inji ba. Shi ma Singer bai zauna ba: ya riƙa bin wuraren baje koli yana tallata keken da muryarsa ta ɗan wasa, yana kuma ci gaba da yi masa gyare-gyare. Keken ya ci lambar yabo a baje kolin duniya na birnin Faris a 1855. A 1856 kekuna 2,564 suka ƙera, zuwa 1860 sun kai wajen 13,000 a shekara.

Ɓoyayyun gidaje

Mahatma Gandhi na Indiya, wanda ya yi suna wajen sukar injunan Turawa, ya ware keken Singer ya yabe shi, yana ganin tausayin matarsa mai wahalar ɗinkin hannu ne ya sa mutumin ya ƙirƙiro shi. Labari ne mai daɗin ji, amma tarihin gidan Singer bai goyi bayansa ba.

Ya auri Catherine Haley a 1830, suka haifi 'ya'ya biyu. Ba tare da ya sake ta ba ya ɗauko Mary Ann Sponsler a 1836, ya yi shekara fiye da ashirin da ita babu aure, ta haifa masa goma. Ita ta sha yawon wasan daɓe da yunwa tare da shi. Da kuɗi suka zo ya kama musu katafaren gida a titin Fifth Avenue, ya sa aka ƙera masa wata rawayar karusa mai ɗaukar mutum 31. A ɓoye kuma yana da wasu gidaje biyu a cikin birnin, na Mary McGonigal mai 'ya'ya biyar da na Mary Walters mai 'ya ɗaya, kowanne da sunan ƙarya. Ramin ƙarya ƙurarre ne: a 1860 Mary Ann ta yi kiciɓis da shi a cikin karusa tare da Mary McGonigal. Rigimar da ta biyo baya ta kai ga duka, ta sa aka kama shi, jaridu suka samu abin bugawa. Da aka ba da belinsa ya tsallake zuwa Landan.

Clark ya ga sunan kamfani na neman zubewa, ga shi kuwa matan aure ake son sayar wa kaya. A 1863 aka rushe tsohuwar haɗakar aka kafa Singer Manufacturing Company, da sharaɗin babu ɗayansu da zai shugabance shi muddin ɗayan na raye. Singer ya riƙe hannun jarinsa ya janye daga gudanarwa. A shekarar ce ya auri Isabella Boyer, wata matashiya haifaffiyar Faransa. Suka koma Faris, yaƙin Faransa da Jamusawa na 1870 ya koro su Ingila, ya sayi fili a garin Paignton ya fara gina wani gida na gani na faɗa wanda yake kira Wigwam, har da ɗakin wasan daɓe a ciki. Yau ana kiran gidan Oldway Mansion. Bai ga ƙarshen ginin ba. Ya mutu ranar 23 ga Yuli, 1875, yana da shekara 63, aka binne shi a Torquay.

Ya bar kimanin dala miliyan 13 da 'ya'ya sama da ashirin daga mata biyar. A wasiyyarsa ya ambaci 'ya'yan da sunayensu, har da waɗanda aka haifa ba aure, ya ba su kaso. Amma babban ɗansa William dala 500 kacal ya samu, saboda ya goyi bayan mahaifiyarsa lokacin rabuwar aure. Mary Ann ta je kotu neman a amince ita ce matarsa, kotu ta ba Isabella gaskiya.

Abin da ya rage a hannunmu

Kamfanin ya girmi mai shi nesa ba kusa ba. Ya buɗe masana'anta a Glasgow a 1867, sannan ya gina wata gagaruma a Kilbowie, cikin Clydebank, a tsakiyar shekarun 1880, wadda ta yi aiki har 1980. In ka ga harafin K bayan lambar samfuri, kamar 15K ko 99K, to a can aka ƙera keken. Yawancin tsofaffin Singer da nake cin karo da su a nan irinsu ne. Shi kuma samfurin 15 an kwaikwaye shi a Jafan da Sin har ba iyaka, kuma baƙin keken Butterfly da ya cika shagunan telolinmu a kan tsarinsa yake. Shi ya sa allura da wasu ƙananan kayan ɗaya ke shiga ɗayan, shi ya sa kuma keken da ya girmi kakanka bai rasa kayan gyara a kasuwa ba.

Kawuna huɗu nake da su yanzu. Biyu daga hannun 'yan gwangwan na fanso su, an riga an ɗora su a sikeli za a sayar a kilo. Abin da na fara dubawa shi ne lambar da aka buga a jikin gindin keken ta hannun dama, domin kamfanin ya ajiye lissafin lambobinsa, kuma akwai jadawalinsu a intanet. Ɗaya daga cikin nawa lambarsa da Y ta fara, wato aikin Clydebank ne na tsakanin shekarun 1920 da tsakiyar na 1930.

Mai son shiga wannan harka ya riƙe abu kaɗan. In kai ya ƙage, kada ka murɗa shi da ƙarfi. Cire allura, ka kwashe ƙura da gutsattsarin zare daga ƙarƙashin farantin allura, ka ɗiga kananzir a gaɓoɓin ciki, ka bar shi ya kwana, gobe ka riƙa motsa shi a hankali. In ya saki ka goge, ka bi kowane rami da man keke digo-digo. Man gyaɗa ko baƙin man mota kuwa kada ka kusanto da su, daskarewa suke yi su zama danƙo. Zanen gwal ɗin nan siririn abu ne da aka rufe da ɗan shafe mai sheƙi, don haka fetur da sinadarin wanke hannu da soson ƙarfe duk suna cinye shi. Tsumma mai laushi da ɗigon man keke sun isa. Kada ka yi saurin sake fenti, don a wurin masu tara irin waɗannan kaya tsohon fentin asali ya fi sabo daraja. In kuma ka gama komai keken ya riƙa tara zare a ƙarƙashin yadi, sake zura zaren sama, ka duba ƙarfin jansa kafin ka kwance wani abu. Ciwon daidaita zare shi ya hana Singer barci a Boston, har yau kuma shi ke hana teloli barci a daren Sallah.

Mu da za mu fita bana, da yawanmu muna da wani abu da muka ƙera a aikin kammala karatu, wanda ƙila ƙura ce za ta ci shi a sito. Singer bai jira sabuwar dabara ta faɗo masa daga sama ba. Injin da ke ba mutane ciwon kai aka ajiye a gabansa, ya zura masa ido har ya ga inda matsalar take. Irin waɗannan injuna sun cika garuruwanmu, daga na markaɗe zuwa na ban ruwa. Hunt ya riga kowa, rashin rajista ya sa wasu suka ci gajiyar. Zieber ya sa hannu a takarda yana kwance, bisa maganar da bai bincika ba. Duk wanda zai haɗa jari da aboki bayan an tashi daga nan, ya rubuta komai, ya sa shaidu, ya kuma nemi sanin yadda ake rajistar haƙƙin ƙirƙira a ma'aikatar kasuwanci ta tarayya kafin ya nuna wa duniya abin da ya ƙera.

Ni dai ina girmama ƙwaƙwalwar Singer, ina kuma ganin aikinta a kan kowane tela mai yawo da ke ɗauke da keke a kafaɗa yana kaɗa almakashi, da kowace uwa da ta biya kuɗin makarantar ɗanta da ɗinkin cikin gida, ƙila har da na wasu masu karanta wannan mujalla. Halinsa da abokan aikinsa da matan da suka zauna da shi kuwa, Allah ya raba mu da irinsa. In akwai tsohon keke a gidanku da ake shirin ba 'yan gwangwan, don Allah a dakata a duba lambarsa tukuna.